Tambaya da Amsa: Jami'ar Ƙetare Ta Ɗauke Ni Aiki, Yaya Batun Biza?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan aikin jami'a a Amurka da Birtaniya. Mun taƙaita wasu daga ciki, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata jami'a a Arewa, kuma na kammala digirin digirgir a fannin kimiyyar ƙasar noma. Wata jami'a a Amurka ta aiko mini da takardar ɗaukar aikin bincike na shekara biyu, amma a ƙarshen takardar an rubuta cewa aikin ya dogara ne a kan samun izinin aiki. Ina da bizar ziyara da aka ba ni a 2024, wadda har yanzu ba ta ƙare ba. Wani abokina ya ce in tafi da ita in kama aiki, daga baya a gyara takardu. Shin hakan zai yiwu? Kuma in miƙa takardar ajiye aiki a nan tun yanzu?
Dakta, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Dakta, Allah ya sanya alheri. Shawarar abokinka ba abar ɗauka ba ce. Bizar ziyara, wato B-1 ko B-2, ba ta halatta wa mai ita karɓar aiki a Amurka ba, kuma idan jami'in shige da fice na filin jirgi ya fahimci aiki ne ya kawo ka, yana da ikon soke bizar nan take ya juyo da kai, har a hana ka shiga ƙasar na shekara biyar. Ita kanta jami'ar ba za ta yarda ba, domin tun dokar shige da fice ta 1986 wajibi ne duk wanda ya ɗauki ma'aikaci a Amurka ya cika fom ɗin I-9 a kansa, ya ga takardun da ke nuna an yarje masa yin aiki cikin kwana uku na aiki daga ranar da ya fara, kuma in babu waɗannan takardu sunanka ba zai shiga jerin masu albashi ba. Sassauci ɗaya da doka ta yi wa malami mai bizar ziyara shi ne ya karɓi ɗan hasafin lacca ko na taron ƙara wa juna sani, muddin hidimar ba ta wuce kwana tara a jami'a ɗaya ba, kuma bai karɓi irin wannan hasafi daga cibiyoyi fiye da biyar cikin wata shida ba. Wannan ya yi nesa da aikin shekara biyu.

Farfesan da ya zaɓe ka ba shi ne ke ba da izini ba, kuma sau da yawa farfesoshi ba su da masaniya sosai a kan yadda ake samunsa. Kowace babbar jami'a tana da ofishin kula da ɗalibai da malamai 'yan ƙasashen waje, kuma wannan ofishi ne zai duba irin aikin da tsawonsa da inda kuɗin albashin ke fitowa, sannan ya yanke irin bizar da za a nema maka. Ga aikin bincike irin naka, hanyoyi biyu aka fi bi.

Ta farko ita ce J-1, bizar musayar ilimi, wadda mai bincike zai iya zama da ita har shekara biyar. Jami'o'i sun fi son ta saboda da kansu suke fitar da takardar DS-2019, wadda ake neman bizar da ita, ba sai sun jira amincewar wata hukuma ba, shi kuma baƙon ya biya dala 220 na rajistar SEVIS, wato rumbun bayanan baƙin ɗalibai da malamai, ya je ofishin jakadanci a yi masa tambayoyi. To amma a watan Disamban 2025 fadar shugaban Amurka ta fitar da sanarwar da ta saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga, inda daga 1 ga Janairun 2026 aka dakatar da ba 'yan ƙasar sababbin bizojin ziyara da na karatu da na J da kuma na zama na dindindin. Wannan sanarwa ta ɗora wa Nijar cikakken hani, irin wanda aka ɗora wa Chadi da Sudan tun watan Yunin 2025. Wanda yake riƙe da bizar da ba ta ƙare ba tun kafin ranar, kamar taka ta ziyara, hanin bai shafe ta ba, sai dai hakan bai mayar da ita bizar aiki ba.

Ta biyu ita ce H-1B, bizar ma'aikacin da aikinsa ke buƙatar aƙalla digiri na farko a wani keɓaɓɓen fanni. Jama'a sun san ta da ƙuri'a, domin guda 65,000 ake bayarwa a shekara, sai ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama da haka a Amurka, amma wata doka ta shekarar 2000 ta cire jami'o'i da cibiyoyin bincike marasa neman riba daga wannan ƙayyadewa, saboda haka jami'a na iya shigar da buƙata a kowane wata ba tare da ƙuri'a ba. Mataki na farko shi ne jami'a ta yi wa Ma'aikatar Ƙwadago alkawari a rubuce cewa za ta biya ka albashin da bai gaza wanda ake biyan masu irin aikinka a yankin ba, ko wanda take biyan sa'o'inka a sashen, duk wanda ya fi yawa a ciki, kuma ta lika sanarwar hakan a wuri biyu a wajen aikin na kwana goma. An yi wannan ƙa'ida ne domin kada a riƙa kawo baƙi ana karya farashin ƙwadagon 'yan ƙasa, amma shi ma baƙon tana kare shi. Ma'aikatar kan sa hannu cikin kwana bakwai na aiki. Daga nan jami'a ta aika fom ɗin I-129 ga USCIS, hukumar kula da takardun baƙi ta Amurka, wadda kan ɗauki watanni kafin ta ba da amsa, sai fa in an biya kuɗin gaggawa, wanda a 2024 ya kai dala 2,805, a samu amsa cikin kwana 15 na aiki. Sai takardar amincewa ta I-797 ta fito ne za ka nemi ranar ganawa a Abuja ko Legas. A karon farko ana ba da abin da bai wuce shekara uku ba, kuma jimillar zaman ba ta wuce shida.

Ba a ambaci H-1B cikin bizojin da aka dakatar wa 'yan Najeriya ba, amma wani nauyin ya hau kanta. A ranar 19 ga Satumban 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan sanarwar da ta ɗora dala 100,000 a kan sababbin buƙatun H-1B da aka shigar daga 21 ga watan domin mutanen da ke wajen Amurka, kuma ba a ware jami'o'i ba. An tsara ta ne ta yi aiki na shekara guda sai in an sabunta ta, kuma an kai ƙara kotu a kanta. Idan ka san cewa alawus ɗin da NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ta ƙayyade wa sabon mai bincike a 2024 dala 61,008 ne a shekara, za ka gane cewa da wuya farfesa ya cire dubu ɗari daga kuɗin bincikensa domin mutum ɗaya. Ƙari a kan haka, tun watan Yulin 2025 yawancin bizojin da ake ba 'yan Najeriya na wata uku ne, na shiga sau ɗaya. Wannan bai nufin za ka bar Amurka bayan wata uku ba, domin tambarin da ke fasfo na shiga ne kawai, takardar I-94, wato shaidar shigarka ƙasar, ita ce ke nuna iyakar zamanka. Abin da yake nufi shi ne duk lokacin da ka zo gida ganin iyali sai ka sake neman wata bizar kafin ka koma.

Saboda haka kada ka ajiye aikinka, kada a yi sakin na hannu a kama na guje. Ka rubuta wa ofishin baƙin na jami'ar kai tsaye, ka sanar da su cewa fasfon Najeriya kake riƙe da shi kuma a Najeriya kake zaune, ka tambaye su irin bizar da suke nufin nema maka a ƙarƙashin ƙa'idojin da ke aiki a ranar, da wanda zai biya kuɗaɗen, da kuma ko za a iya ɗaga ranar fara aiki idan takardu suka yi jinkiri. A nan gida kuwa, hutun bincike ko hutu ba albashi za ka nema, shi ma sai biza ta hau fasfonka.

TAMBAYA: Na zo Amurka a 2023 da bizar J-1 domin bincike, kuma wani ɓangare na kuɗin zuwana daga gwamnatin Najeriya ya fito. Mijina yana tare da ni da bizar J-2, yana kuma aiki. Yanzu sashen da nake ya zaɓe ni a matsayin mataimakiyar farfesa, a kujerar da ke kai wa ga tabbatar da malami na dindindin, amma ofishin baƙi ya ce akwai sharaɗin komawa gida na shekara biyu a kaina. Mene ne wannan sharaɗi, kuma akwai mafita?
Malama, daga Amurka

AMSA: Malama, muna taya ki murna, domin irin wannan kujera ba a samun ta da sauƙi. Ƙa'idar J-1 ta hana mai ita riƙe kujerar da ke kai wa ga tabbatarwa, don haka dole ne jami'a ta mayar da ke wata bizar, galibi H-1B, kuma a nan ne sharaɗin da aka faɗa miki ya tare hanya. Sashe na 212(e) na dokar shige da fice ya ce wasu masu J-1 sai sun koma ƙasarsu sun zauna shekara biyu a jimlace kafin a ba su bizar aiki ta H ko L ko katin zama na dindindin, kuma ba za su iya sauya matsayinsu suna cikin Amurka ba. Abu uku ne ke jawo shi: ko kuɗin gwamnati ya shiga cikin zuwan, na Amurka ne ko na ƙasar mutum, kamar tallafin TETFund ko na Fulbright, ko fannin mutum yana cikin jerin ƙwarewar da ƙasarsa ke buƙata, jerin da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta sabunta a Disamban 2024 ta cire Sin da Indiya amma ta bar Najeriya, ko kuma likita ne da ya zo samun horo a asibiti. Ke na farkon ya riga ya hau kanki, kuma ya haɗa da mijinki. Zama a wata ƙasa ta uku, kamar Kanada ko Saudiyya, ba ya shiga lissafin shekara biyun.

Akwai hanyar neman a ɗage sharaɗin. Wadda aka fi bi ita ce ki cika fom ɗin DS-3035, sannan ofishin jakadancin Najeriya da ke Washington ya aika wa Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka takardar cewa gwamnati ba ta da ja a kan zamanki, ma'aikatar ta ba da shawara, USCIS ta yanke hukunci. Idan kuɗin gwamnatin Amurka ne ya kawo mutum, da wuya wannan takarda ta wadatar, amma tun da naki na gida ne, maganar ta koma ga waɗanda suka biya. A nan ne zan faɗa miki abin da ba kowa ke son ji ba. Idan kin sa hannu a kan yarjejeniyar komawa ki yi wa jami'arki ta gida aiki, wannan alkawari yana nan a kanki ko Amurka ta ɗage sharaɗinta ko ba ta ɗage ba, kuma hanyar mutunci ita ce ki rubuta musu, ki nemi a sallame ki a rubuce ko ki biya abin da yarjejeniyar ta tanada. Waɗanda suka tafi da kuɗin jama'a suka yi shiru sun ɓata wa na bayansu hanya. Sauran dalilan ɗagewa, wato matsanancin ƙunci ga miji ko ɗa ɗan Amurka, ko tsoron zalunci a gida, ko buƙatar wata hukumar gwamnatin Amurka, kowanne yana son hujja mai ƙarfi.

Ki lura da lissafin lokaci, domin da zarar ma'aikatar ta ba da shawarar a ɗage miki, jami'a ba za ta ƙara tsawaita miki J-1 ba. Ya kamata ki tabbatar da cewa wa'adin da ke kan DS-2019 ɗinki zai kai ki har fitowar H-1B kafin ki shigar da buƙatar. Idan aka ɗage kuma aka sauya miki matsayi kina cikin ƙasar, bayanin da USCIS ta fitar a Oktoban 2025 ya nuna cewa kuɗin nan na dala 100,000 ba ya hawa kan irin wannan sauyi. Wasu jami'o'i kan bi ta bizar O-1, ta masu fice a fanninsu, wadda sharaɗin bai hana ba, amma sai an fita an karɓo ta a ofishin jakadanci, kuma shekara biyun na nan suna jira. A halin da ake ciki, kada ki taka ƙafa wajen Amurka sai kin zauna da ofishin baƙi, domin idan tambarin J-1 da ke fasfonki ya ƙare, komawa da shi ba zai yiwu ba.

Batun mijinki ma abin zama ne a tattauna a gida tun yanzu. Mai J-2 yana iya neman katin izinin aiki, amma mai H-4, wato mijin ko matar mai H-1B, galibi ba ya aiki sai an amince da fom ɗin I-140 na abokin zamansa, wanda mataki ne a hanyar katin zama na dindindin. Ma'ana, ranar da kika koma H-1B albashinsa zai tsaya. Wannan dalili ne da zai sa ki nemi shugaban sashe ya rubuta miki a takardar aiki cewa jami'a za ta fara neman katin da wuri. Malaman da ke shiga aji suna da wata sassauƙar hanya a wurin Ma'aikatar Ƙwadago, inda jami'a za ta nuna cewa ta tallata kujerar a mujallar ƙwararru ta ƙasa kuma ke ce kika fi cancanta a cikin masu nema, amma dole ne a shigar da takardun cikin wata 18 daga ranar da aka zaɓe ki. Idan wa'adin ya kuɓuce sai an sake tallata kujerar, kuma sassa da yawa ba sa tunawa da shi sai malamin ya tuna musu.

TAMBAYA: Ina da digiri na biyu a fannin lissafi, ina koyarwa a wata kwaleji. Wani ejan ya ce zai samo mini takardar ɗaukar nauyin biza daga wata jami'a a Ingila a kan naira miliyan takwas, in biya rabi yanzu, rabi bayan takarda ta fito. Ya nuna mini hoton irin takardar da ya samo wa wasu. Ina son jin ra'ayinku kafin in sayar da filina.
Malam, daga Kaduna

AMSA: Malam, kada ka sayar da filinka. Abin da Birtaniya ke kira takardar ɗaukar nauyi, wato CoS, lamba ce da mai ɗaukar aiki ke fitarwa a rumbun kwamfutar Ma'aikatar Cikin Gida da sunan mutumin da ya riga ya ɗauka, tare da sunan aikin da albashinsa da ranar farawa. Ba kaya ba ne da ake ajiyewa a sayar, kuma hoton takarda kowa na iya haɗa shi. Jami'a ba ta fitar da wannan lamba sai ta tallata gurbi, kwamiti ya tace masu nema, an yi ganawa, an zaɓi mutum. Tun ƙarshen Disamban 2024 ma an haramta wa mai ɗaukar aiki ya ɗora wa ma'aikaci kuɗin fitar da ita, kuma jami'ar da aka kama tana ciniki da ita za ta iya rasa lasisinta, abin da zai jefa dukan ma'aikatanta baƙi cikin matsala. Babu jami'ar da za ta yi wannan kasada saboda naira miliyan takwas. Idan ka shigar da takardar bogi kuwa, kai ne za a rubuta wa yaudara, kuma hukuncinta kan kai hanin shiga na shekara goma.

Hanyar gaskiya a buɗe take, kuma nema ba a biyan ko sisi. Guraben jami'o'in Birtaniya suna fitowa a shafukan jami'o'in da kuma shafin jobs.ac.uk, gwamnati kuma tana wallafa jerin duk masu lasisin ɗaukar nauyi a shafinta. Bizar ƙwararrun ma'aikata, wadda ta fara aiki a Disamban 2020, tana buƙatar aiki daga mai lasisi, da shaidar iya Turanci, da albashin da ya kai mizani. An ɗaga mizanin zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024, sannan zuwa 41,700 a Yulin 2025, ko da yake akwai rangwame ga masu digirin digirgir da sababbin masu bincike. Bayan an fitar da lambar, wata uku gare ka ka shigar da buƙatar biza. Mazaunin Najeriya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, kuma mai bincike a wasu fannonin kimiyya da injiniyanci, har da wasu rassan lissafi, sai ya fara samun takardar tantancewar tsaro ta ATAS, wadda kan cinye makonni. Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce yawancin guraben koyarwa da bincike a can digirin digirgir suke nema, don haka ga mai digiri na biyu neman gurbin karatu mai tallafi ya fi kusa da neman aiki.

Ko an samu aikin, akwai kuɗin da ke ba mutane mamaki, wato harajin kula da lafiya da ake biya gaba ɗaya tun kafin tafiya. Tun Fabrairun 2024 babba yana biyan fam 1,035 a kowace shekara, yaro kuma 776. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu da ya samu aikin shekara uku zai biya fam 10,866 a wannan haraji kaɗai, ban da kuɗin bizar kanta da na jirgi. Wasu jami'o'i suna mayar wa ma'aikaci nasa kason, wasu suna ba da rance ba ruwa a riƙa cirewa daga albashi, wasu kuma ba sa ba da komai, saboda haka tambaya ce da ake yi kafin a karɓi aiki.

Ga wanda ya riga ya yi nisa a bincike, akwai bizar Global Talent da aka buɗe a Fabrairun 2020, wadda ba ta ɗaure mutum da jami'a ɗaya. Amincewar ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ilimi na Birtaniya, wato Royal Society ko British Academy ko Royal Academy of Engineering ko UKRI ake nema, kuma mai ita yana iya sauya wurin aiki ba tare da sabuwar biza ba, ya nemi zama na dindindin bayan shekara uku. Duk malamin da ya cancanci wannan, ita ce ta fi masa.

TAMBAYA: Ina aikin bincike a wata jami'a a Amurka da H-1B, shekara ta huɗu ke nan. An gaya mini cewa kuɗin binciken da ake biyana da shi zai ƙare nan da wata biyar. Wani kamfani yana son ɗaukata. Zan iya komawa wurinsu kai tsaye? Kuma kafin nan, zan iya ɗan yin aikin kai saƙo da motata da yamma domin in tara wani abu?
Ɗan'uwanku, daga jihar Ohayo

AMSA: Ɗan'uwa, bari mu fara da ta biyun domin ta fi gajarta: a'a. H-1B izini ne na yin wani aiki takamaimai, ga wani mai ɗaukar aiki takamaimai, a wurin da aka rubuta a takarda. Kai saƙo da mota, ko koyar da ɗalibai a gida a biya ka, ko yi wa wani kamfani aikin ba da shawara, duk aiki ne ba da izini ba, kuma zai iya fitowa fili ta takardun haraji a ranar da ake duba buƙatarka ta katin zama. Ko a cikin jami'ar ma, idan aka sauya maka aiki sosai ko aka mayar da kai wani gari, sai an shigar da gyara.

Komawa wata jami'ar ko cibiyar bincike marar neman riba abu ne mai sauƙi, domin kana iya fara aiki da zarar sabon wurin ya shigar da buƙatarsa, ba sai amsa ta fito ba. Kamfani kuwa daban ne. Tun da ta jami'a ka shigo, ba a taɓa ƙidaya ka cikin adadin shekara ba, don haka sai kamfanin ya yi maka rajista a watan Maris, in ƙuri'a ta faɗo kanka ka fara aiki daga 1 ga Oktoba. Doka ta yarda kamfani ya nema maka H-1B ta biyu ba tare da ƙuri'a ba matuƙar kana ci gaba da aikin jami'ar, amma wannan izini yana rataye ne da aikin jami'ar, wanda kai naka ke shirin ƙarewa. Ka kuma tuna cewa shekaru huɗun da ka yi suna cikin shidan, don haka biyu suka rage, sai fa in an fara maka neman katin zama aƙalla kwana 365 kafin cikar shidan, wanda ke ba da damar ƙari.

Ka ɗauko takardarka ta I-797 da ta I-94 ka duba ranar ƙarshe. Idan jami'a ta sallame ka kafin wannan rana, kana da har kwana 60, ko zuwa ranar da ke kan I-94 in ta riga zuwa, domin ka samu wani wurin ko ka sauya matsayi ko ka fita, ba tare da yin aiki a cikinsu ba, kuma wajibi ne jami'ar ta biya kuɗin jirginka na komawa gida, naka kai kaɗai ban da na iyali. Idan kuwa ranar ƙarewar kuɗin binciken ita ce ranar ƙarshen takardar, babu kwana sittin ɗin kuma babu kuɗin jirgin. Ka je ofishin baƙi a wannan makon, ka kuma tambayi shugaban sashenku ko akwai wani farfesa mai kuɗin bincike da zai riƙe ka zuwa Oktoba.